Ranar da Maimuna ta kira sunan ɗanta

Shekara ashirin ke nan da muka kai ƙanwata Maimuna makwancinta. Da zagayowar lokacin, jama'a kan tuna girkinta ko haƙurinta. Ni kuwa abin da ke faɗo mini shi ne wani ƙaramin ofis a wata firamare da ke unguwar Catford a Landan, a ƙarshen shekarun 1980.

Ɗanta na fari, Haruna, an haife shi da raunin ji. Bayan gwaje-gwaje a asibiti, council, wato ƙaramar hukuma, ta ba su takardar da ake kira statement, wadda ta fayyace abin da ya wajaba makaranta ta yi masa: zai zauna a gaban aji, malama za ta rataya ɗan makirufo a wuya wanda ke aika muryarta kai tsaye zuwa na'urar kunnensa, kuma ƙwararriya za ta riƙa duba shi kowane mako. Alkawari kaya ne, amma makarantar ba ta ɗauka ba. Makirufo ya kwana a kabad, yaro ya koma kujerar baya, har aka fara cewa ba ya gane karatu, gara a fitar da shi daga ajin.

Mijinta yana tuƙin bas, ba ya samun sarari da rana, don haka ni na raka ta ganawar farko a matsayin tafinta. Shugabar makarantar ta ce ta ba su labarin Haruna. Maimuna ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaron nan dai ga shi nan. Duk abin da kuka gani." Na fassara. Na ga matar ta dubi malamar ajin, na kuma gane abin da suka fahimta: ga uwa ko sunan ɗanta ba ta iya faɗa, ashe ba wanda zai matsa musu.

Na zauna a Khartoum, na yi fatauci a Kumasi da Abidjan, kuma kowace al'umma da hanyarta ta nuna so. Uwar Bature tana yaba ɗanta a gaban jama'a. Bahaushiya kuwa, musamman a kan ɗan fari, ɓoyewa take yi. Ba ta kiran sunansa, ba ta tsaya masa a fili, sai ta bar wa kakanni da goggonni wannan aiki. A Kano akwai su. A Landan babu kaka, babu goggo, sai kawu ɗaya mai fassara.

Wadda ta faɗa mata gaskiya maƙwabciyarta ce, Maman Ladi, mutuniyar Filato, ma'aikaciyar jinya a unguwar Camberwell. A gabana ta ce mata, "Ke Maimuna, kunyar nan taki wa kike yi wa? Surukarki tana Kano, ba ta ganinki. Su waɗannan in kin yi shiru, cewa za su yi kin yarda." Maimuna ta yi dariya ta ce, "Maman Ladi, ba ki da ta ido." Da safe ta bugo mini waya: "Yaya, ka yi mana booking da shugabar."

A ganawa ta biyu ta zo da Haruna. Bayan gaisuwa ta ce in roƙa a kawo makirufon. Aka yi ta nema kafin a same shi. Ta kai yaron ƙarshen ofis, ta juya fuskarsa ga bango, ta nemi malamar ta kira shi. Malama ta kira, ta sake kira, bai motsa ba. Sai Maimuna ta kunna makirufon, ta rataya a wuyanta.  Sannan a hankali ta ce, "Haruna."

Ya juyo da sauri, yana neman mai muryar. Da ya ga uwarsa ce, sai ya tsaya yana kallonta baki buɗe. Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Shugabar ta ga amfanin na'ura, gani ya kori ji. Na ƙara mata da cewa tun da aka haifi yaron nan, yau ne karon farko da sunansa ya fita daga bakin uwarsa, na kuma bayyana mata dalili. Sai ta miƙe da kanta ta je aka matso da kujerarsa gaba.

Ba a gama a ranar ba. Zuwan ƙwararriyar sai da aka yi ta kai-kawo da council. Wata sabuwar malama ta zo, makirufo ya sake komawa kabad. Amma yanzu kowace safiya Maimuna na bakin ƙofar aji, tana gaishe da malama, ba ta tafiya sai ta ga igiyar a wuyanta. Kafin Haruna ya gama firamare, uwaye Hausawan zango daga Ghana sun fara zuwa flat ɗinta don ta raka su makarantun 'ya'yansu.

Ina tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. An canza wa takardar suna, iyaye na aika ƙorafi ta waya, na'urar kunne ta ƙanƙance har da ƙyar ake ganinta. Sai dai har yanzu ina jin uwaye a unguwar Stratford na kukan an rubuta, ba a aikata ba. Ina jin za ta ce su tafi da ƙafarsu. Za ta kuma kama baki in ta ji yadda 'yan matan yanzu ke ƙwala wa 'ya'yansu na fari kira a tsakiyar kasuwa, domin har ta rasu, a gida "yaron nan" take ce masa. Sunan na makaranta ne kawai.

Haruna yanzu magidanci ne. 'Yarsa ta fari sunanta Maimuna, kuma mu duka Ummi muke ce mata, don ɗa ba ya kiran sunan uwarsa. Kwanaki na ji shi yana kiranta da cikakken sunan, na ce, "Kai Haruna, ba ka jin nauyi?" Da Hausarsa ta 'yan Landan ya ce, "Kawu, ai mahaifiyata ma ta kira nawa."

Allah ya jiƙan Maimuna, ya sa ta ji kira mai daɗi a ranar da za a kira kowa da sunansa.