Kalilu Mai Kaset, Ma'ajin Muryoyin Jibiya

Haihuwa da Tasowa

An haifi Malam Kalilu a shekarar 1951 a Farfaru, cikin ƙasar Jibiya. Mahaifinsa Malam Shafi'u manomi ne, mahaifiyarsa kuwa Hajo. Ya yi karatun allo a zauren gidansu, bai shiga boko ba, kamar dai amininsa Ya'u Ɗantala, tsohon direban Jibiya zuwa Agadas kuma mai wannan bayani, wanda ya ga tashin sa'o'insa duka ya ga kwanciyarsu, har yau kuma da haƙoransa yake cin kilishi.

Sana'a da Aure

A 1970 Kalilu ya dawo garin Jibiya koyon gyaran rediyo, a 1974 ya auri Barira 'yar ƙauyen Mazanya. A 1978 ya sayo rakoda a Maraɗi ya buɗe rumfa a bakin tasha, inda wanda bai iya rubutu ba zai zauna ya faɗi saƙonsa a kaset, direba ya kai wa danginsa. Da aka rufe iyakar ƙasa a 1984, zumunci ya koma cikin rumfar nan, kuma babu direban da ya ƙetarar da kaset kamar Ɗantala, jami'an ɓangarorin biyu shaida ne. Al'adar Kalilu ita ce ya yi wa kowane kaset kwafi ya adana, domin zafin hanya kan narkar da zare. Kafin mutum ya soma magana kuwa, sai ya danna maɓalli ya ce, "Ya kama, hwaɗi naka."

Ambaliya

Zuwan wayar hannu ya kashe sana'ar, kaset suka zauna cikin adaka biyu. A damunar 2018, da ruwa ya ci garin, Kalilu ya bar buhunan gero ya ɗora adakun bisa soro. Barira ta ce, "Malam, abinci na tahiya kana ceton robobi?" Ya ce, "Gero badi ma shina zuwa. Waɗanga mutane hwa, wa za shi sake zaunar da su?" Adaka ɗaya ta jiƙe, muryoyin cikinta suka tafi har abada, kuma daga ranar bai sake samun natsuwa da ajiyar gida ba.

Ɗakin Karatu

A 2019, bisa shawarar Ɗantala, ya miƙa abin da ya tsira ga sashen tarihin gari na ɗakin karatun jama'a, da sharaɗin ba za a kunna wa manazarci kaset ba sai da izinin magadan mai muryar, domin saƙo amana ne. Ma'aikatan suka cika alkawari, suka juye su a na'ura. Ɗalibai daga Katsina, Zariya da Maraɗi suka riƙa zuwa binciken yunwar 1984, fataucin dabbobi da karin harshen iyaka, kuma wanda ya rasa gane wata murya, wurin Ɗantala ake turo shi. A ɗakin karatun ne wata mata, Adama, wadda mahaifinta ya rasu tana goye, ta ji shi yana sanar da ƙanensa haihuwarta da sunan da ya raɗa mata. Ta nemi a maimaita har aka tashi aiki.

Rasuwa

Allah Ya karɓi ran Malam Kalilu a watan Sha'aban na 2023 bayan gajeruwar jinya, aka yi masa sutura a maƙabartar Jibiya bayan azahar. Ya bar matarsa Barira da 'ya'ya biyar: Mudathir, Zulfa, Ummaru, Amatullahi da Mufida. Bai taɓa ɗaukar saƙon kansa ba. Bayan addu'ar bakwai iyalin suka tafi ɗakin karatu, ma'aikaci ya tambayi wane kaset za a sa musu. Barira ta ce, "Kowane, ɗana. Farkon kawai." Aka kunna, Kalilu ya ce, "Ya kama, hwaɗi naka." Allah Ya jiƙansa da rahama.