Kofin da Matar Bature Ta Ba Kakana

Akwai wata la'asar a gidanmu na Kurmin Mashi wadda ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ita kam ba za ta fita ba. Ranar ce na ga yadda kofi guda ya kusa rusa mini aure, ya kuma dawo ya ɗaura shi.

Mun taso a gidan nan da abin alfahari guda ɗaya: kakanmu ya ci kofi a sukuwa zamanin Turawa. Mahaifina ma'aikacin gwamnati ne, ƙannensa ma haka. Ba mu da sarauta, ba mu da wata dukiya, amma muna da kofi. In cacar baki ta haɗa mu da yaran maƙwabta suka ce babansu ya sayi sabuwar mota, sai mu tambaye su ko kakansu ya taɓa tsere wa dawakin Turawa. Nan take sai su watse.

Kakana Basakkwace ne, aikin masinja ya kawo shi Kaduna tun yana matashin magidanci, amma harshensa bai taɓa barin gida ba. In ya sami goro mai kyau sai ya ɗauko labarin. Ya ce bayan girbi Turawan lardin sukan taru a bayan garinsu, su Di'o da masu sayen auduga da fata. A share fili, a jera duwatsu a shafa musu farar ƙasa, a kafa rumfar zana inda matansu za su zauna da manyan huluna. Mutanen ƙauyuka su zo kallo da guzurinsu. Shi kuma a lokacin yana aiki a bargar wani Bature mai baƙin doki da farin goshi. Zai kwatanta dokin har ka ji kamar haniniyarsa a tsakar gida. Zai faɗi yadda aka ɗora shi a kai, yadda aka harba bindiga. Daga nan sai ya yi tsalle zuwa ƙarshe, ya ce, "Da anka ƙare, matar Bature da hannunta tab ba ni kofi." Sai ya nemi ruwan alwala.

Tsakiyar labarin mu muka cike ta. Wani baffana ya ce kofin na azurfa ne. Wani ya ce tsawonsa ya kai yaro mai rarrafe. Kafin in yi wayo an riga an tabbatar cewa da kuɗin gasar aka sayi filin gidanmu. Kofin kuma, aka ce, yana kulle a akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa. Babu wanda ya taɓa gani, babu kuma wanda ya ga dalilin tambaya.

Ni ce 'yar gaban goshinsa. Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce ba na son miji marar haƙori. Da na yi saurayi, wani ma'aikaci mai kunya da ke zuwa zance da guga a riga kamar zai shiga ofis, Kakana ya ce, "Wanga mai tsinin takalmi shi ka son ƙwace mini mata? Ya taɓa hawan ko jaki?" Ni kuwa tun zuwansa na biyu na zazzage masa labarin kofi, har da ɗan gishirina a kai. Ya tafi gida yana murna zai auri jikar gwani.

A nan aka sami matsala. Saurayin nawa maraya ne, baffansa ne ya riƙe shi, wani malami mai makarantar allo a Unguwar Kanawa, mutumin da in ya ce a'a sai dai a nemi wata maganar. Da labari ya kai kunnensa sai ya ce ya san sukuwar Turawa, caca ce tsagwaronta, kuma ba zai kai ɗansa gidan da aka kafa tubalinsa da kuɗin caca ba. Ana shirin zuwa sa rana, aka fasa.

Saurayin ya zo ya faɗa mini kansa a ƙasa. Ya ce yana sona, amma ba zai iya tsallake maganar wanda ya raine shi ba. Ban ga laifinsa ba, sai dai na yi kuka kamar raina zai fita. Baffannina suka hau sama, suka ce su riƙe ɗansu, ai hassada ce, su nuna nasu kofin in suna da shi. Kakana kuwa ya daina tsokanata, ya daina neman goro. Rannan ya same ni a bakin rijiya idona a kumbure, ya tsaya ya dube ni, ya wuce. Da yamma ya ce wa mahaifina ya je ya roƙi Malam ya daure ya zo, don shi gwiwa ta hana shi fita.

Malam ya zo bayan la'asar, saboda girman tsufa. Kakana ya sa babbar rigarsa ta Idi, ya ce duk 'ya'yansa maza su zauna. Ni da kakata Hajiya muka maƙale a tagar ɗakinta, wadda take kallon falon. Hajiya tana ɗinkin wata hula, ko a jikinta.

Bayan gaisuwa Kakana ya ce, "Allah shi gafarta Malam, an ce ka ji na ci kofi."

"Haka na ji, Baba."

"To yau za ka ji tsakiyar labarin, wadda ɗiyan ga ba su taɓa ji ba. Ranar, mahayin dokin zazzaɓi yak kama shi. Anka duba barga, ni ne marar nauyi. Ni kuwa wankin doki na sani da yankan ciyawa, ban taɓa hawa ba. Sunka aza ni bisa sirdin Turawa, ɗan falle awa faifai, ba abin riƙo gaba, ba abin jingina baya. Da anka harba bindiga, dawaki sunka yi gabas, nawa yay yi yamma."

Wani baffana ya yi tari. Kakana bai dube shi ba.

"Rumfar mata yan nufa, Malam. Yat ture tebur, yaz zubar da ni tsakiyarsu, huluna na tashi sama. Ban san inda nike ba. Da nif farfaɗo, sai ga matar Bature ta dafa kaina tana ɗura mini wani abu mai zafi, baƙi ƙirin, da ɗaci awa maɗaci. Nit tambayi kuku mi ne ne wanga, yac ce kofi."

Malam ya ɗan sunkuyo.

"Baba, gahawa kake nufi?"

"Ita fa."

Na ga Malam ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya sani, amma dariyar ta ƙwace. Da a ce mun taɓa saurara da kyau, da mun ji cewa kofi mai nufin gahawa da kofin gasa ba daidai ake furta su ba. Amma ga bakin tsoho babu haƙori, ga Sakkwatanci, ga kuma kunnuwanmu da suka riga suka zaɓi abin da suke son ji.

Kakana ya ce kunya ce ta sa ya tashi ya ruga da mazubin a hannu, bai ma san yana riƙe da shi ba. Kafin ya isa ƙauyensu labari ya riga shi: matar Bature ta ba wane kofi. Aka tarye shi da guɗa. Mahaifin wata yarinya da ya daɗe yana kora shi daga ƙofar gida, a makon nan ya aiko a kira shi.

"Gidan nan fa?" in ji Malam yana share ido.

"Gidan ga ƙafata ta gina shi. Takardun gwamnati nik kai ofis-ofis har ƙafa ta ƙare. Ko anini na caca bai shiga ba. Ban taɓa cewa na ci ba, Malam. Amma ban taɓa cewa ban ci ba, don yabo yana da daɗi. Wanga shi ne laifina, ba na yarinyar ga ba."

Na juya na dubi Hajiya, don ita ce yarinyar da aka aura saboda kofi. Na ɗauka zan ga tashin hankali. Sai ta miƙa hannu kan taga, ta ɗauko wani ɗan kofin tangaran mai karyayyen hannu da take ajiye allura da maɓallai, wanda tun muna yara a cikinsa take ba mu maganin tari. Ta juye allurorin a cinyarta, ta miƙo mini.

"Aika musu, su ga azurfar."

"Hajiya, dama kin sani?"

"Mutumin da in jaki ya yi kuka sai ya canja hanya? Tun makon farko na sani. Na ga yana jin daɗin abinsa, na bar shi."

Aka kai kofin falo. Malam ya juya shi a hannu, ya daɗe yana kallo, dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce dattijon da zai tuɓe rigar girmansa a gaban 'ya'yansa saboda hawayen jika, gidansa ne irin gidan da yake nema wa ɗansa. Ya nemi afuwa, ya ce a ba su rana su zo.

Da Malam ya tafi, baffannina suka fice ɗaya bayan ɗaya, babu mai kallon wani. Na leƙa na ga Kakana shi kaɗai cikin babbar riga, ya ƙanƙance. Sai a lokacin na gane abin da ya bayar. Labarin nan shi ne kaɗai abin da yake sa a yi shiru in ya buɗe baki, shi da ya ƙare rayuwarsa ana aikensa. Na shiga na durƙusa ina kuka.

Ya ce, "Tashi, Amarya, na sake ki, ki tai ga mai tsinin takalmi. Ungo. Kofin ga ya yi aure guda, shi ƙara na biyu."

Bai sake ba da labarin sukuwa ba har Allah ya karɓi abinsa. Kofin yana nan a ɗakina, a saman duk kwanukan da aka jera mini. In 'ya'yana suka tambaya, nakan ba su labarin har da tsakiyarsa, su yi ta dariya, ni ma in yi. Amma abin da ranar ta koya mini shi ne, mai ƙaunarka na gaskiya shi ne wanda zai yarda a yi masa dariya don kai ka daina kuka. Shi ya sa har yau in aka tambaye ni, nakan ce kakana ya ci kofi, ba dai a ranar sukuwa ya ci shi ba.