Kabarin da Ke Cikin Teku

Makon jiya a Assigamé, babbar kasuwar Lome, na tsaya kallon wani mutum yana ɗinke bakin buhun shinkafa da basilla. Yadda yake tura allurar da tafin hannu ya mantar da ni abin da ya kawo ni kasuwa, har mai zemijan, wato ɗan acaɓa, ya daka mini tsawa in ba shi hanya. Haka kakana yake ɗinki, mahaifin babana, wanda duk Zongo ke kira Matalo saboda ya yi aiki a jirgin ruwan yaƙi na Faransa lokacin babban yaƙin Turawa.

Kada ka ɗauka wani babba ne. Daɓen jirgi yake wankewa, ya ja igiya, ya ɗinke tamfol in ya yage. Da ya dawo bai zo da komai ba sai tari da basillar nan, ya zauna ƙofar gida yana yi wa fatake ɗinkin buhu. Amaryarsa yake kirana, ni kuwa in ce ba na auren tsoho mai warin kwalta. In muka matsa masa ya ba mu labarin igwa, sai ya ce jirgi zafi ne da amai, ba wani abu.

Lokacin muna tsohon Zongo, kusa da bakin ruwa. Da damina in iska ta juyo, har gishiri kake ji a leɓenka. Kowace Juma'a bayan la'asar, sa'ad da maza ke zuwa ziyara makabarta, shi sai ya sa farar rigarsa ya nufi teku shi kaɗai. Ya tsaya gaban ruwa, ya ɗaga hannuwa, bakinsa na motsi. To, a Lome kowa ya san masu tsayawa gaban teku da fararen kaya: masu kai wa aljanar ruwa hadaya ne. Ga shi alƙibla ba can take ba. Magana ta fara yawo a wurin famfo, wai Matalo ya auro ta ruwa a wajen yaƙi. Aka karɓe kiran sallar asuba da ya saba yi daga hannunsa. Mata suka hana 'ya'yansu cin tuwon gidanmu. Abin ya ƙona mini rai, har na fasa wa wata ƙawata baki a kai.

Matarsa ta ce ko ya bar zuwa, ko ya faɗa wa mutane abin da ke kai shi. Bai yi ko ɗaya ba. Taurin kai ne da shi, ni ma can na gado.

Ƙarshe liman ya zo da kansa, ya tarar ina riƙe wa Kaka bakin buhu. Ya ce, "Matalo, mutane na magana. Ni ban yarda ba, amma ina so in ji daga bakinka."

Kaka ya ci gaba da ɗinki. Ya ce, "Malam, mu biyu ne Musulmi a bato, jirgin namu, ni da wani yaro Bazabarme. Jirgin sama ya sako mana wuta, ƙarfe ya same shi a ciki, bai kai magariba ba. Kyaftin ya ce ba ƙasa kusa, ruwa za a sa shi. Ni na yi masa wanka da bokiti, na ɗinke shi cikin tamfol da wannan allura, na yi masa salla ba kowa a bayana. Ban san garinsu ba, ban san ko an gaya wa uwarsa ba. Ku kuna da inda za ku je ku gai da naku. Nawa yana can."

Liman ya ce, "Me ya hana ka faɗa?"

"Wa ya tambaye ni?"

Juma'ar da ta biyo, liman da wasu dattawa suka bi shi, suka yi addu'a masunta na kallonsu. Da asuba muka sake jin muryarsa daga masallaci, da tarin da komai.

Daga baya aka tashe mu, aka mai da Zongo arewacin gari. Teku ya yi nisa, ƙafafun Kaka suka gaza. Mutuwa ba ta dame shi ba. Abin da ya hana shi sakewa shi ne sunan yaron nan zai bi shi kabari, ya rasa mai yi masa addu'a a duniya. Wata rana ya ce, "Amarya, zo in ba ki gadonki." Ya faɗa mini sunan, ya sa na yi ta maimaitawa har ya gamsu.

Yanzu ni ma na tsufa, kuma tsoron da ya ji ya dawo kaina. Teku ya cinye inda Kaka yake tsayawa, sauran yashin kuma kiɗa ne da masu gasa kifi. Juma'ar nan na sa jikana ya kai ni a kan babur. Da ya ji na ambaci sunan sai ya ce, "Meme, wane ne shi? Danginmu ne?"

Na ba shi labari. Ya zaro waya zai rubuta.

Na ce, "Mai da ita aljihu. Faɗa da bakinka."

Ya faɗa a karkace, na gyara masa. Ya sake faɗa daidai, ya ɗaga hannuwa yana fuskantar ruwa, ni kuma na ce amin.