Kwamfuta a Falon Hajiya

Shekarar da Baba ya zo Tamanrasset neman maganin ido, ina aikin saka karo, wato tayil na daɓe, a wani gini da ake yi a unguwar Tahaggart, ina kuma haya a ɗaki guda a unguwar Gataa El Oued. Yanar ido ce ta rufe masa idanu biyu, na dama ya fi tsanani. Da muka je asibiti aka duba shi, sai aka ce za a yi aiki, amma sai sukarin jikinsa ya sauka tukuna, kuma akwai mutane a gabansa. Ya zo da shirin ɗan gajeren zama, sai ga shi sanyi ya shigo ya same shi a nan.

Baba tsohon direban kamiyo ne, babbar motar ɗaukar kaya. Rayuwarsa duk a hanya ya yi ta, tsakanin Damagaram da Agadas da Arlit, har nan Tamanrasset ya sha kawo kaya tun ba a haife ni ba. Bai saba zama wuri guda ba. Yanzu ga shi a kan tabarma tun safe har yamma, ba ya ganin komai sai haske da inuwa, ni kuma ina shantiye, wato wurin ginin. In na dawo sai in tarar rabin abincin da na bar masa kawai ya ci. Ba ya ƙorafi. Wani lokaci dai nakan ji yana rera wani abu ƙasa-ƙasa, ya kai tsakiya ya tsaya, ya koma farko.

Ran nan na tambaye shi wace waƙa ce. Ya ce tana cikin kaset-kaset ɗin da yake yawo da su a mota, waɗanda suka lalace shekarar da ruwa ya rusa ɗakinsa na gida.

"Baitin da ke biye ne ya ɓace mini," in ji shi. "Na san da kalangu yake shigowa, amma maganar ta tafi."

Na yi ta nema a waya, ban samu komai ba sai guntaye marasa kai. Daga baya na faɗa wani shafi inda wani mutum ya rubuta cewa ya juye tarin tsofaffin kaset na ƙasarmu zuwa kwamfuta, waƙoƙin biki da na noma da na ƴan kasuwa, waɗanda ba mai sayar da su yanzu, ya ce duk mai so ya ɗauka. Ta hanyar da ake kira toran ya saka su. A wannan hanya ba daga rumbu guda ake ɗauko abu ba, daga kwamfutocin mutane ake tsinto shi guntu-guntu, kuma sai mai shi ya bar tasa a kunne sannan taka za ta samu. Tarin na da girma ƙwarai. Da na duba, mutum ɗaya tak ne yake da shi cikakke.

Ina da wata tsohuwar kwamfuta da na saya hannu wajen wani ɗan Maraɗi a kasuwa. Batirinta ya mutu tuntuni, da an zare ta daga wuta take mutuwa, fankarta kuma tana ƙara kamar injin niƙa na nesa. Abin da ba ni da shi shi ne layin intanet. Na waya ba zai kai ko'ina ba.

Mai gidan da nake haya tsohuwa ce, mutuniyar Abzin, aure ya kawo ta nan tun tana yarinya. Hajiya muke ce mata. Hausarta tas, sai dai takan ja wasu kalmomin irin na mutanen duwatsu. Ɗanta yana aiki a arewa, shi ya sa mata layi a gida don ta riƙa ganin jikokinta a waya. Na daɗe ina juya maganar kafin na shiga na gaishe ta na yi mata bayani. Ta saurare ni har na gama.

"Wato na'urar za ta kwana nan, ta wuni nan?"

"Haka ne, Hajiya. Ba a kashe ta."

"Har yaushe?"

Na ce ban sani ba. Sai ta ce in kawo ta, in kuma kawo mahaifina, don ba ta ga dalilin da zai sa dattijo ya wuni shi kaɗai a ɗaki ba alhali tsakar gida akwai rana.

Na ajiye kwamfutar a kan wani ɗan tebur a falonta, kusa da ƙofa. Na nuna mata dogon layin da ke cika da launin kore a hankali, na ce in ya cika an gama. Washegari na dawo daga aiki na tarar da ita a mace, da zafi kamar an ciro ta daga tanda. Hajiya ta lulluɓe ta da bargo. Ta ce ta ji tana ta nishi tun safe, ga sanyi, shi ya sa ta rufa mata. Baba ya yi dariya har da tari, dariyar farko da na ji ya yi tun zuwansa. Na yi mata bayani cewa ita wannan iska take so. Sai ta shiga madafa ta fito da wata babbar rariyar tankaɗe, ta kife ta a kan tebur, ta ce in ɗora a kai. Tun daga ranar ba ta sake ɗaukar zafi irin wancan ba.

Sai kuma ɗaukewar wuta. Duk lokacin da aka ɗauke, kwamfutar ta mutu, sai ta zauna a haka har in dawo, wunin ya tafi a banza. Hajiya ta ce in koya mata. Na nuna mata maɓallin, ta ɗiga masa jan farcen da jikarta ta bari a gidan don kada ta ɓata. Na daidaita na'urar yadda da ta tashi za ta ci gaba da kanta. Daga nan aikin ya zama nata. Ko maƙwabta ta shiga, da ta ji an dawo da wuta sai ta yanke hira ta taho.

Abin ba ya sauri. Mutumin da ke da tarin ba kullum yake kunna tasa ba. Wata rana layin ya ɗan matsa, wata rana ya tsaya cik. A gefen allon akwai wata ƴar tuta da ke nuna ƙasar da yake, ta wata ƙasar Turai ce mai sanyi. In tutar ta bayyana, to yana nan. In ta ɓace, sai jira. Hajiya ta gane wannan tun kafin in gama yi mata bayani, ita ce take ba Baba labari. Yana zaune a tabarma a bakin ƙofar falo, rana na dukan bayansa, tana haɗa musu shayi a kan gawayi.

"Hajiya, mutuminmu ya fito?"

"Bai fito ba tukuna, Malam."

"Yana wajen aiki ke nan."

Baba ya ƙera wa mutumin rayuwa gaba ɗaya. Ya yanke cewa ɗan Damagaram ne, karatu ya kai shi can, ya auri ƴar ƙasar, kewa ta dame shi. Hajiya ta ce a'a, mace ce, don namiji ba zai yi haƙurin juye kaset ɗaya bayan ɗaya ba. Sun yi ta wannan gardama. Ni dai in na dawo da yamma, hannuwana duk sun tsage da siminti, sai in tarar da su ana hira, kwanon abinci ba komai a ciki. Ta nan na ji labarin hanyoyin da Baba bai taɓa ba mu ba a gida: rijiyoyin da suke tsayawa, da lokacin da mota ta mace musu suka yi kwanaki suna jiran wani ya biyo. Ashe Hajiya ta san wuraren, ta bi su a kan raƙumi tana ƙarama, har tana gyara masa sunayensu da Tamashek, harshen mutanenta.

Da layin ya kusa cika, sai tutar ta ɓace. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Saura ɗan abin da bai kai faɗin farce ba a allo, amma tarin a dunƙule yake, ba ya buɗuwa sai ya cika. Na fara tunanin mutumin ya gaji, ko na'urarsa ta lalace. Wata safiya na ce wa Hajiya ko mu kashe haka nan, tana ta cin wutar gidanta ba amfani.

"Wutar taka ce?" ta tambaye ni.

Na ce a'a.

"To ka tafi aikinka, ɗana."

Baba kuwa, bayan sallar magariba na ji yana addu'a, a cikin waɗanda ya ambata har da "bawan Allah mai kaset", yana roƙon in rashin lafiya ce Allah ya ba shi sauƙi.

A cikin wannan jira aka kira mu asibiti. Aka yi wa idon dama aiki, aka rufe shi da auduga, aka ce mu dawo a buɗe. Ranar da aka buɗe, abin da ya fara yi shi ne kallon hannunsa, sannan ya kalle ni ya ce na rame. Da muka iso gida ya tsaya ya gaida Hajiya kamar yau suka fara haɗuwa, ita ma ta ja mayafinta ta gyara. Daga nan ya ce a nuna masa na'urar. Ya duƙa ya daɗe yana kallon kwamfutar a kan rariya.

"Ashe ƴar ƙarama ce," in ji shi. "Da wannan ƙarar na ɗauka ta kai janareto."

Bayan ƴan kwanaki ina shantiye, ina durƙushe ina jera karo a wani banɗaki, wayata ta yi ƙara. Hajiya ce, ita da ba ta taɓa kirana ba.

"Mutumin ya fito," in ji ta. "Layin ya cika. Ya canza launi ma."

Na nemi izinin shugaban aiki na taho. Rana ta yi sanyi lokacin da na iso. Na fito da kwamfutar bakin ƙofa iyakar inda wayar wuta ta kai, na buɗe tarin. Waƙoƙi ne birjik, wasu da suna, wasu lamba kawai. Sautin na shuu irin na tsohon kaset, wani wuri har ana jin kukan akuya a bayan makaɗa. Baba yana jin farkon kowace sai ya ce wuce, ko ya ce tsaya, ya faɗi garin da aka yi ta da irin bikin. Wadda yake nema ba mu same ta a ranar ba, sai bayan kwana biyu, a cikin marasa suna. Da baitin ya zo bai rera ba. Ya ɗaga yatsa kawai, ya sa na mayar da shi baya, ya sake ji.

A ranar farkon kuwa, muna cikin wucewa, sai ga wani kiɗa da ba na Hausa ba: tande ne, turmin nan da matan Abzin suke ɗaure wa fata su kaɗa, da tafi, da murya guda a sama. Na kai hannu zan wuce, Hajiya ta ce in bari. Ta ajiye butar shayin. Ta zauna tana saurare har ya ƙare, sannan ta ce irin wannan ake yi a garinsu in raƙuma sun dawo daga ɗaukar gishiri, rabonta da jin sa a yadda yake tun mahaifiyarta na da rai. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Ni na ƙarasa zuba shayin.

Na juye wa Baba tarin duka a ƙaramin kati, na saya masa rediyon da ke karanta shi. Na juye wa Hajiya nata a waya. Da aka gama aikin ido na biyu na raka shi tasha ya koma gida. Ƙanwata ta ce tun da ya isa, tsofaffin direbobi suke taruwa a ƙofar gidanmu da la'asar, suna ji suna musu a kan wane ne yake kiɗa.

Na koma shafin na rubuta wa mutumin godiya da Hausa da Faransanci. Na gaya masa wani dattijo ya yi masa addu'a. Bai amsa ba, ban ma san ko ya gani ba.

Da na zo ɗaukar kwamfutata, Hajiya ta ce in dakata in duba wani abu. Wata sabuwar tuta ce ta fito a allon, ba ta mutuminmu ba. Na duba, na ga wani ne daban, daga wajenmu yake ɗauka yanzu. Na gaya mata.

"Shi ma jira zai yi kamar yadda muka yi?"

"In muka kashe, sai ya jira wancan mutumin."

Ta ce to in bar ta. Na kira Baba na ba shi labari, ya ce a bar bawan Allah ya ɗiba, wa ya san wanda yake nema wa.

Haka na koma ɗakina hannu wofi. Kwamfutar ta zauna a falon Hajiya har bazara ta biyu, sannan wata rana ta ƙi tashi. Na kai ta wajen mai gyara a kasuwa, ya buɗe ta ya ce ta gama aiki, amma ya ciro mini abin da ke cikinta lafiya. Da yamma na je na gaya wa Hajiya. Ta tambaye ni ko ana samun wata irinta a wajen ɗan Maraɗin, na ce zan leƙa ranar Juma'a bayan masallaci.