Na Ɗauko Magen Iya Daga Guri

Zuwa ga 'yan ajinmu, tunda an ce kowa ta rubuto yadda hutunta ya kasance. Ku yi haƙuri da rubutun.

Guri

Tun kafin kiran asalatu Kawu Sale ya tashe ni. Ruwan bana ya cinye ɗakin kakata Iya a garin Guri, aka kai ta gidanmu a Haɗejiya, aka baro magenta Fara a wurin Kawu. Iya ba ta gani, magen ce abokiyar hirarta. Tun da aka raba su ta ƙi taɓa tuwo, shi ne Baba ya turo ni.

Mun hana Fara abinci tun daren jiya don kada ta yi amai a hanya. Na shimfiɗa mata tsohon ɗankwalin Iya a kwando, ta riƙa jin ƙanshin mai ita. Kawu ya kifa faifai a kai, ya ɗaure da igiyar kaba, ƙulli bisa ƙulli.

"Kawu, ai ba ɓarawo muka kama ba."

"Ke dai riƙe. In ta tsere cikin shinkafa, ke za ki gaya wa tsohuwa, ba ni ba."

Bakin fito

Hanya duk ta nutse, sai dai kwalekwale. Mai fito ya karɓi kwabo biyu, ya ce mage ma fasinja ce, na ƙara masa ɗari, wato rabin kwabo. Kusa da ni wata tsohuwa mai kifi banda, ana ce mata Yakura, ta janye tasarta.

"'Yar boko, matsar min da ɓarauniyar nan. Ko kan tarwaɗa ya ɓace, ke za ki biya."

Na tura kwandon ƙasa, tsakanin ƙafafuna.

Muka bi ta kan gonaki, ba a ganin komai sai kawunan dawa. Hantsi ya ɗaga, sai jirgi ya hau wani kututture a ƙarƙashin ruwa. Katako ya tsage. Buhun shinkafa ya gangaro ya danne gefen kwandon, ruwa kuma yana shigowa. Na ja, ya ƙi. Na kama ƙullin, igiya ta jiƙe ta kumbura, farcena ya karye. Ina jin Fara tana yaƙushin faifai, can kuma na daina jin kukanta. Ban san sa'ad da na fara kiran sunan Iya ba.

"Kauce min, kuka ba ya kwance igiya!"

Yakura ce. Ta zaro wuƙar gyaran kifi, ta yanke igiyar, ta cusa hannu cikin ruwa ta finciko Fara ta wuya. Magen ta yage mata damtse, amma ba ta saki ba, ta naɗe ta a gyalenta. Tasar kifinta kuwa ruwa ya tafi da ita. Maza suka dira, ruwa iya ƙirji, suka tura mu har tudu.

A ƙauyen su Yakura na kwana. Ta ba ni kunun tsamiya, ta gasa wa Fara jiki a bakin murhu, tana zaginta.

Haɗejiya

Washegari na samu motar masu kifi, sule ɗaya. Wannan karon zarge ɗaya na yi wa kwandon, mai kwancewa da jan hannu guda, na kuma ɗora shi a cinyata. A ƙofar gari ɗan doka ya leƙa ciki, ya yi dariya, ya ce mu wuce.

Bayan azahar na shiga gida. Iya ta shafa Fara tun daga kunne har wutsiya.

"Ta rame, ja'ira. Me kuka yi mata?"

Sai na fashe da kuka. Ta lalubo kaina ta dafa, sannan ta ɗaga murya:

"Wai gidan nan ba a tuƙa tuwo ne?"

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Yakura, wadda har muka rabu ba ta yi min zancen kifinta ba.