Hannun Daman Malam Nata'ala

Wanda ya shiga shagon Malam Nata'ala a yau zai tarar da hannun hagu yake kwance kwamfuta. Na daman yana ajiye a kan cinya, yatsu uku sun lanƙwashe ba sa miƙewa. Baƙo kan ɗauka haka aka haife shi. Mutanen unguwar Limawa sun san ba haka ba ne, sai dai ba su cika son zancen ba.

Mutumin wani ƙauye ne a gefen Jahun, ɗan manoman gero. Ya shigo Dutse da ƙuruciyarsa, lokacin jihar tana sabuwa, ya kama gyaran rediyo a gindin wata darbejiya. Da rediyo ta ja baya ya koma talabijin, daga nan wayar hannu, har ya iso kan kwamfuta da furfura a gemu. Yawancin aikinsa sa wa kwamfutocin gwanjo Windos ne, wato manhajar da take tuƙa kwamfuta. Iri biyu ake nema a wurinsa: Hom, ta zaman gida, da Furo, ta ma'aikata. Kowa Furo yake so, domin ta fi tsada kuma sunanta ya fi daɗi a baki.

Ɗalibi zai shigo ya ce, "Baba, ni fa Furo za ka sa min."

"Aikin me za ka yi da ita?"

"Rubutu. Da ɗan kallo."

"Ƙwallo?"

"E, ƙwallo."

"To ƙwallo ba ta fi shiga raga a Furo ba. Riƙe kuɗinka ka sayi takalmi, ga naka nan ya buɗe baki."

In mutum ya nace, sai ya zaunar da shi a benci ya yi masa bayani a hankali. Fuskarsu ɗaya, gudunsu ɗaya. Abin da Furo ta ƙara na ofis ne: ana haɗa ta da sauran kwamfutocin ma'aikata a ƙarƙashin mai kula guda, kuma mai ita yana iya shiga cikinta daga wani gari. Sai kuma kulle. Furo tana rikita duk abin da ke cikin kwamfuta, ta yadda ko ɓarawo ya ciro faifan ajiyarta ya sa a wata, ba abin da zai gani sai da kalmar sirri. Lasisin gaskiya kuwa, ratar da ke tsakanin biyun ta kai kuɗin tunkiya. Akwai masu sa Furo ta bayan fage a kuɗin lemon kwalba. Shi dai bai taɓa cewa komai a kansu ba.

Mutum ɗaya ya taɓa matsa wa ya sayi mai tsadar, ita ce Adawiyya mai hoto. Sana'arta bikin mata ne, kamu da lalle da wuni, irin wanda ake tura maza waje a rufe ƙofar gida, matan aure su ajiye mayafi, ɗankwali ya zame a wurin rawa ba mai damuwa. Namiji ba ya shiga da kyamara. Ita take shiga, don an yarda da ita. Ranar da ta kawo kwamfutarta, Hom ta nema.

Ta ce, "Haba Baba Nata'ala. Kai da kake hana mutane, ni yau za ka yanka?"

"Hoton wa za ki zuba a ciki?"

"Na mutane mana."

"Da ɗankwali?"

Adawiyya ta tafi tana mita, ta dawo da kuɗin bayan ta yi bukukuwa biyu. Ya sa mata Furo, ya kulle, ya liƙa ɗan tambarin shagonsa a murfi kamar yadda yake yi wa kowa.

Daminar da ta biyo baya ta faɗo a lokacin neman takara. A wani biki, matar wani mai neman kujera ta yi rawa a kamun ƙanwarta, rawa ta tsakanin mata. Wani bakin ya fitar da labarin, ya kai kunnen da bai kamata ba. Wanda ya taɓa ganin yadda hoto yake yawo a wayoyi da siyasa ta yi zafi, ba sai an gaya masa abin da ake so a yi da nata ba.

Da rana tsaka aka tare adaidaita sahun da Adawiyya take ciki. Babura biyu suka sha gabansa. Direban ya ɗaga hannu zai yi magana, aka sare shi da adda a damtse. Ita kuma ta rungume jakar kwamfutarta, suka janyo ta da ita har kan kwalta, suka ja ta a ƙasa har igiyar ta tsinke. Gwiwoyinta duka suka saluɓe. Kafin mutane su taru, baburan sun ɓace.

Malam Nata'ala bai ji labarin ba sai da jakar ta iske shi. Bayan azahar ne, hadari ya haɗo daga gabas, masu shaguna suna ta jan kaya ciki. Ruwa na saukowa samari uku suka shigo. Ɗaya ya ja ƙofar ƙarfe ya tsaya a bayanta. Na biyu ƙato ne mai gora, Ɗanladi suke ce masa. Na ukun kuwa Malam Nata'ala ya gane shi: Sharhabilu, wanda mahaifinsa yake kawo gyaran rediyo tun a gindin darbejiya.

Sharhabilu ya ɗora kwamfutar a kan tebur ya nuna tambarin da yatsa. "Baba, aikinka ne. Mun kai wajen mutum biyu, duk sun ce sai wanda ya kulle. Buɗe mana."

Malam Nata'ala ya ga jini a jikin igiyar jakar. Ya ce, "Mai ita fa?"

"Tana gaishe ka."

"Mabuɗin yana wurinta. Ni kullewa kawai na yi."

Marin ya zo kafin ya rufe baki. Tabaransa ya tashi ya faɗa cikin kwalin wayoyi. Ruwa yana dukan kwano kamar ana zuba tsakuwa, ko telan da shagonsa ke jikin nasa bai ji ba.

Sharhabilu ya ce, "Kar ka ɓata mana lokaci, tsoho. Mutunci muka zo da shi."

Akwai abin da Malam Nata'ala ya sani. Ranar da ya kulle kwamfutar, sunan ƙauyensu ya sa mata a matsayin kalmar sirri ta wucin gadi, ya ce wa Adawiyya ta canza in ta je gida. Ya kuma san mutane, a cikin goma da wuya a sami mai canzawa. Kalmar tana nan a kan harshensa. Ya jawo kwamfutar, allon shuɗi yana jira, ya rubuta wani abu dabam. Ta ƙi. Ya sake rubuta wani. Ta ƙi.

Ɗanladi ya sauke masa gora a haƙarƙari. Ya faɗi tsakanin tebur da benci, numfashi ya ɗauke. Suka ɗaga shi da wuyan riga suka mayar kan kujera.

"Ka tuna?"

"Ban sani ba, ɗana."

"Ni ba ɗanka ba ne."

Sharhabilu ya duba cikin kayan aiki ya zaro 'yar guduma. Ɗanladi ya danne hannun daman a kan tebur, ya baje yatsun. A kan ƙaramin yatsa aka fara. Ƙarar da ya yi ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Malam Nata'ala ya yi salati da ƙarfi, ruwan sama ya shanye. Aka tambaye shi, ya girgiza kai. Aka yi na kusa da shi. Ya yi amai a kan rigarsa. Na tsakiya sai da aka buga sau biyu, domin ya fizge a karon farko gudumar ta sami gefe.

Sharhabilu ya sunkuyo yana haki. "Saura na nuni da babba. Da su kake cin tuwo, da su kake tasbihi. Matar wani ce fa, Baba. Ko sanin ta ba ka yi ba."

Gaskiya ya faɗa, bai san ta ba. Ya kuma ji a jikinsa cewa in guduma ta sake sauka, kalmar za ta fito ko yana so ko ba ya so. Sai ya ɗaga hannun hagu.

"Tsaya. Kalmar ban san ta ba. Amma akwai hanyar fasa kullen. Miƙo min filas ɗin can, mai jan zare."

"Ka ga? Da tun ɗazu ka faɗa, da yanzu muna shan shayi."

Filas ɗin shi ne wanda yake sa wa kwamfutoci sabuwar Windos da shi. Ya soka da hagu, ya kashe ya kunna. Ido ɗaya ya kumbura, babu tabarau, amma aikin da ya yi shekaru yana yi ne, ya san inda komai yake. Aka zo inda ake zaɓen iri, ya danna Hom. Aka zo inda ake nuna faifan da abin da ke cikinsa. Ya kai kibiya kan wata kalma, wani gargaɗi ya fito.

Sharhabilu ya riƙe masa wuyan hannu. "Dakata. Dilit na gani, gogewa ke nan. Ka ɗauka ban yi makaranta ba?"

"Kullen za a yi wa dilit. In ba a cire shi ba, ta ina za a shiga? In kana tsoro a bari."

Suka kalli juna. Jini yana ɗiga daga hannun daman Malam Nata'ala a kan siminti. Na bakin ƙofa ya ce ruwa fa ya fara tsagaitawa. Sharhabilu ya yi tsaki, ya ture hannun tsohon, ya danna da kansa.

Lamba ta fara hawa a allo. Suka zauna suna kallonta kamar masu jiran sakamakon zaɓe. Ɗanladi ya buɗe kwanon dambun da Lauratu, matar Malam Nata'ala, ta aiko masa da shi, ya cinye ya lashe yatsu. Sharhabilu har ya kira wani a waya ya ce, "Ranka ya daɗe, an kusa." Malam Nata'ala ya jingina da bango yana amsa tambayoyin kwamfutar da yatsa ɗaya. A ransa yana roƙon Allah ya ɗauke ruwan nan.

Da ta buɗe, fes take. Sharhabilu ya shiga nan ya fita can, babu hoto ko ɗaya.

"Ina suke?"

"Sun tafi."

"Dawo da su!"

"Ko wanda ya ƙera ta ba zai iya ba."

Da kwamfutar ya fara dukansa, a ka, har murfin ya rabu biyu. Ɗanladi ya bi da gora, a baya, a ƙugu, a kan hannun da ya riga ya karye. Benci ya kife, akwatin gilashi ya tarwatse. Amma kwano ya yi shiru a lokacin, ƙarar ta fita waje. Tela ya leƙo, ya ga jini yana bin ruwa ta ƙarƙashin ƙofa, ya ƙwala ihu. Masu shaguna suka fito da itace da almakashi. Samarin suka hau babura, Ɗanladi ya bar takalmi ɗaya a cikin taɓo.

An ɗinke kan a asibiti. Hannun kuma sai da aka kai shi wajen wani maɗori a Jahun, ya taɓa ya taɓa ya ce zai yi abin da ya samu. An rubuta ƙara. Sharhabilu ya bar gari na ɗan lokaci, ya dawo bayan zaɓe. Hoton matar mai neman kujerar bai taɓa fitowa a wayar kowa ba, kuma da wuya in ta san akwai wani mai suna Nata'ala.

Yana jinya a gida Adawiyya ta zo, tana ɗingishi. Ta tarar Lauratu tana ba shi tuwo a baki, don ya ƙi ci da hagu. Ta gaishe shi ta yi kuka, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Duk bukukuwan daminar suna cikin kwamfutar, ba ta riga ta wanke wa kowa ba, katin kyamara kuma ta share shi tuni. Gida-gida take bi tana ba da haƙuri. Wasu sun haƙura, wasu sun zage ta.

Ta ce, "Akwai wadda na kasa zuwa wurinta, Baba. Wata amarya, Rabi'atu. Mahaifiyarta ta rasu bayan bikin da kaɗan. Tsohuwar ba ta yarda a ɗauke ta hoto, sai ranar, da ta riƙe amarya. Me zan ce mata?"

Lauratu ta ajiye kwanon da ƙarfi. "Ki ce mata ta zo ta ga hannun nan!"

Malam Nata'ala ya ce, "A'a. Ki ce ni na goge. Ki kwatanta mata gidan."

Rabi'atu ta zo kuwa, wata la'asar, lallen bikin bai gama fita daga faratanta ba. A zaure ta tsaya. Aka fito da shi ya zauna a tabarma. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta dubi karan ɗorin. Ya yi mata ta'aziyya, ta amsa.

Sannan ta ce, "Baba, kafin ka goge, ka ga Innata? Tana sanye da shuɗin leshi. Ina so in ji ko ta yi murmushi."

Ya ce, "Ban buɗe ba, 'yata. Ban ga kowa ba."

Ta gyaɗa kai. Ta gyara mayafinta, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta fita. Shi kuma ya zauna a zauren har aka kira magariba.