Kwanon Baƙo Mai Ruwan Ɗorawa

Shekarun baya kaɗan, a bazarar da mahaifiyata ta zo mana ziyara Beltsville a Amurka, na sami katin shaidar koyon nutso. Ni da na tashi a Kano, wanda ko a bakin kududdufi aka gan ni sai na sha bulala, sai ga ni da furfura a gemu ina shiga ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska a baya. Abokina ne ya ja ni, wani ɗan Damagaram da muke Juma'a a masallaci ɗaya. Ya riga ni farawa da shekara biyu, kuma tun daga lokacin bai bar kunnena ya huta ba.

Duk tsawon koyon da kayan haya na yi. Da na karɓi kati, malaminmu ya ce in da gaske nake, abin da zan fara mallaka shi ne regileta. Ita ake ɗaurawa a kan tukunya, ta rage ƙarfin iskar, ta kawo maka ita baki ta tiyo daidai yadda za ka iya shaƙa. Tiyon numfashi biyu ne. Mai baƙin launi naka ne. Ɗayan mai ruwan ɗorawa yana rataye a ƙirjinka, ba ka taɓa shi sai ranar da iskar abokin nutsonka ta sami matsala, ka miƙa masa.

To ni, duk wanda ya san ni ya san hannuna ba ya buɗuwa da sauƙi. Matata ta ce ko kyauta aka ba ni sai na nemi ragi. Na zauna na yi dabarata: zan sayi sabuwar regileta, amma mafi arha a shagon. Shi kuwa mai ruwan ɗorawan, tuni na samo na gwanjo wurin wani mutum a Annandale da ke kwashe tarkacen garejinsa, ya bar mini shi a kuɗin da bai fi na abincin rana ba. Abin da wataƙila har abada ba za a sa a baki ba, don me zan kashe masa kuɗi?

Da na nuna wa abokina, ya juya shi a hannu ya ce da ɗan Faransancinsu, "Bon. Ka san dai ni ne zan sha wannan, ko?"

Na ce, "Sai ka kula da iskarka." Muka yi dariya.

Mahaifiyata ba ta san ina nutso ba. Abin da na gaya mata shi ne ina zuwa motsa jiki a wurin iyo. Rannan ta tsince mu ni da matata muna maganar farashin regileta, sai ta ajiye carbinta.

"Regileta? Ta gas? Ita ce da wannan tsadar? Lallai an mai da ku bayin Allah a ƙasar nan. Ku tashi mu je, ni zan yi cinikin."

Ban gyara mata ba. Na farko ina tsoro, na biyu kuma ina kwaɗayi, don a kasuwar Rimi akwai masu tumatir da in sun hango mayafinta suke fara salati. Na ce a raina bari mu ga yadda Amurka za ta yi da ita.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani. Ni ne ɗanta na fari, kuma ita ta mutanen da ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, ko "wancan". In na yi zazzaɓi, ƙannena take aikowa su duba ni. Na girma da sanin haka al'ada take, amma ba zan ce abin bai taɓa sosa mini rai ba.

Ranar Asabar bayan azahar muka nufi wani shagon kayan nutso a Alexandria. Mai shagon wata dattijuwar Baturiya ce da rana ta gasa wa fata. Hajiya ta shiga, ta dubi rigunan roba a rataye, ta dubi takalman nan masu kama da ƙafar agwagwa, ta juyo.

"Ina murhun?"

A nan dai na faɗi gaskiya, ina sosa ƙeya kamar ɗan firamare. Ta saurara har na gama.

"Ƙarƙashin ruwa. Da ƙafarka, ba wanda ya tura ka."

"E, Hajiya."

"Gaba nawa?"

"Kamar gaba goma."

"Rijiyar gidanmu gaba takwas ce," ta ce, ba ma da ni take ba.

Na jira ta ce ba ta yarda ba. Wallahi da ta faɗa, da a ranar zan ajiye katin, ko da raina bai so ba. Sai kawai ta gyara mayafi, ta zauna a kan benci, ta ce, "Ce mata ta fito da su duka."

Na koma tafinta. Ba ta tambayi kuɗi ba tukuna. Ta tambayi wacce ce ta fi saurin lalacewa, wa ke gyarawa, kuma in wani abu ya mutu a ciki ana samun madadinsa a garin nan ko sai an aika. Baturiyar ta tambaye ni inda zan riƙa nutso, na ce a wani tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika, can cikin Virginia. Ta ce to mai arhar da na sa wa ido ta ruwan ɗumi ce. Ƙasan ramin nan sanyi ne ƙarara ko da bazara, kuma sanyi kan daskarar da regileta ta ƙi rufuwa. Gara mai rufaffen kai, wadda ruwa ba ya shiga cikinta. Ta ɗauko wata mai ƙyalli, mafi tsada, ta ce ba ta da nauyi a jakar tafiya. Hajiya ta kaɗa hannu. "Wannan ado ne." Aka tsaya a kan wata ƙirar bara, wadda cikinta ɗaya da ta bana, fenti kawai ya bambanta.

Ina jin zafin ƙarin kuɗin, sai na zaro na gwanjona daga leda don in nuna aƙalla nan na yi wayo. Matar ta haɗa shi da tukunya, ya fara wani siririn tsaki. Ta shaƙa, ta ɗan yamutsa fuska. Ta ce yana ba da iska, amma da ƙyar, kuma kamfanin ya daina yin kayan gyaransa.

"Ba ni," in ji Hajiya.

Ta goge bakin da gefen mayafinta, ta yi bismilla, ta sa a baki. Ban taɓa zaton zan ga wannan rana ba. Ta ja sau uku, jijiyar wuyanta ta tashi. Ta karɓi sabon da ke kan tebur, shi ma ta ja sau uku. Sannan ta ɗaga na gwanjon.

"Wannan na wa?"

"Na abokin tafiya ne, Hajiya. In iskarsa ta ƙare. Da wuya ma a yi amfani da shi."

"Wato mutum ya zo maka a firgice, ba numfashi, shi ne za ka miƙa masa wannan."

Ta ajiye shi a gabana.

"A gidan wa ka ga ana ba baƙo fasasshen kwano?"

Nan take na tuno kwanukan da ke saman kabad ɗinta a Kano, waɗanda mu 'yan gida ba mu isa mu taɓa ba. Sukan yi wata uku ba a sauke su ba, amma duk Juma'a sai an goge su. Kunya ta rufe ni a gaban Baturiyar da ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta gane komai.

Daga nan aka shiga ciniki. Na gaya wa Hajiya a nan ba a tayi, farashi a rubuce yake. Ta ce wanda ya rubuta yana da abin gogewa. Kusan awa guda suna fafatawa, ni a tsakiya ina gumi, har matar ta rage kuɗin ƙirar baran tana dariya tana riƙe kai. Da aka sallama, Hajiya ta ce, "To, sai gyara." Ita ɗan ƙarin nan take nufi da mai tumatir kan ɗora maka a kan kashi. Ni kuwa kaina ya riga ya ɗau zafi, na fassara shi da gyaran inji. Baturiyar ta ce ba komai, dubawar shekarar farko kyauta ce. Har yau ban taɓa yin kuskure mai riba irin wannan ba.

Amma a kan sabon mai ruwan ɗorawan, ko sisi ba ta nemi ragi ba. Ta ce a biya yadda aka faɗa.

A mota na lura da wani abu. Duk abin da ta zaɓa, da baƙon ta kafa hujja. Rufaffen kai, saboda tiyon baƙo ma daga nan yake sha. Duba ta duk shekara, saboda baƙo. Ni da zan rataya abin a wuya, ko sau ɗaya ba ta ce in kula da kaina ba. Na ɗan ji haushi, na haɗiye.

Ta koma gida a ƙarshen bazara. Cikin kaka ni da abokina muka je ramin dutsen nan. Muna can ƙasa inda sanyi ke ratsa roba, sai na ga kumfa na tashi daga bakinsa kamar tukunya ta tafasa. Regiletarsa ta daskare a buɗe, iska na zuba ba tsayawa. Ya dubi agogon iskarsa, ya dube ni, ya ja hannu a maƙogwaro, alamar ƙarewar iska da aka koya mana. Idanunsa sun cika gilashin fuskarsa. Na fizgo mai ruwan ɗorawan na tura masa. Ya ja numfashi ɗaya, ya ja na biyu, na ga kafaɗunsa sun sauka. Muka riƙe hannun juna muka taso a hankali.

Da muka fito ya daɗe yana kallon sama. Can ya ce, "Ka gaya wa Hajiya na sha a kwanon baƙi. Wallahi da daɗi."

Washegari na kira ta na ba ta labari, har da ɗan alfahari. Sai ta jefo mini tambaya.

"Mahaifiyarsa na da rai?"

"Tana nan a Damagaram."

"To kada wanda ya gaya mata. Ba ku san abin da take ji ba. Duk ranar da ta san ya shiga ruwan nan, ko ruwan shayi ba ya wuce mata, tana zaune a kan darduma har sai an ce mata ya fito."

Hajiya ba ta taɓa ganin matar nan ba, ko sunanta ba ta sani ba. Sai a nan na gane kanta take nufi, da ni ɗin nan, ni da jikokinta ke kira Baba.

In sabon mai nutso ya tambaye ni yau, nakan ce ya bar ƙyalli, ya nemi wadda ta dace da ruwan da zai shiga kuma ake iya gyara ta kusa da shi, kada kuma ya yi rowa a kan tiyon da ba nasa ba. Rowata dai tana nan, ban warke ba. Abin da ya canza shi ne na koyi jin yaren mahaifiyata, bayan shekara arba'in da wani abu ina zaton shiru take yi.

Yanzu duk ranar da na yi nutso, kafin in cire rigar roba nake aika mata saƙon murya: "Hajiya, baƙon ya fito lafiya."

Ba a minti biyu amsa take shigowa.

"Madalla. A ce masa ya sa rigar sanyi."